Jan Bargo a Bayan Bas

Bodinga, farkon watan Rajab

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga ƙanena Bilyaminu, a Legas. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina kasuwa, ina zaman baƙunci? Ina Zainab da yara? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar da na gaya maka tana damuna ta yi sauƙi. Makaranta na nan, ɗiyan mutane na ta ƙoƙari. Bana tara za su sauke in Allah ya nufa, kuma kamar kowace shekara Shagari za mu kai su cikin Sha'aban, su yi karatu gaban malamina Malam Abdullahi shi sa masu albarka.

Za ka yi mamakin ganin takarda hannun Musa mai motar albasa alhali muna gaisawa ta waya duk Juma'a. Ka san tun da na dawo gida bayan rasuwar maigidana, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na Baba, kuma kunnen Baba ko allura ta faɗi cikin rairayi sai ya ji ta. Akwai maganar da ba a yin ta da murya. Don Allah kada ka tayar da ita a waya.

Fijon Baba ta kwanta. Ran kasuwar Shagari da ta wuce injin ya buga dab da shiga gari, anka jawo ta da igiya har ƙofar gida. Bala makanike ya duba ya ce aikin babba ne. Ni dai na ce alhamdulillahi, domin sau da yawa abin da bawa ke ƙi shi ne alherinsa.

Bilyaminu, Baba ya manyanta. Tafiyar nan ta Bodinga zuwa Shagari da yake yi wa kallon tsallaka tsakar gida, yanzu in ya dawo sai ya jingina da bangon zaure ya daɗe yana maida numfashi. Ya bar shiga Sakkwato tun bara. Ya bar fita in rana ta karkata. Ba ni da abin faɗi game da mahaifina sai alheri, Allah shi tsare harshena. Amma kai namiji ne, kai ne babban ɗansa. Ka dubi wanga lamari na mota da idon basira, ka yi abin da ya kamata tun tana kwance.

Na ba Musa ƙullin kuka da daddawa ya kawo wa Zainab.

Yayarka,
Safiya


Legas, tsakiyar Rajab

Yaya Malama, assalamu alaikum.

Takarda ta iso, kuka da daddawa ma sun iso, Zainab na godiya. Muna lafiya. Mustapha ya fara haƙori, duk wanda ya ɗauke shi sai ya sha cizo.

Wallahi Yaya kin sa na ji kunya, kuma kin kyauta. Mota ta kwanta ba wanda ya gaya mini. Baba ko a waya ba abin da yake cewa sai lafiya lau. Da ba ki rubuto ba, haka zai zauna yana kallon ta a ƙofar gida kamar mushen raƙumi. Na gane nufinki tun ban kai ƙarshen takardar ba. Dole ya gaji mana, dattijo kamarsa yana kokawa da injin da ya girme ni!

Na kira Bala na ce kada ya tsaya faci. Ya shiga Sakkwato ya samo inji ɗan Kwatano mai lafiya, ya sauke tsohon. Ya ce kafin wannan takarda ta zo hannunki fijo ta miƙe, kuma yanzu in Baba ya ɗan taɓa totur sai ta zabura kamar ɗan akuyar da aka kwance.

Ki gafarce ni, na yi wa Baba maganar a waya, amma ban ambaci sunanki ba, na ce a bakin Musa na ji. Yaya, da kin ji albarkar da ya sa mini! Tun da nake ban taɓa jin muryar Baba tana rawa ba sai ranar. Ya ce yau ya tabbata ya haifu. Ya ce dama abin da ke hana shi barci shi ne wa zai kai ɗalibanki Shagari, to yanzu bana ma shi ne.

Ki kwantar da hankalinki. Kin faɗa, an yi.

Ƙanenki,
Bilyaminu


Bodinga, ƙarshen Rajab

Ƙanena, amincin Allah shi tabbata gare ka. Ina fatan kuna lafiya, Allah shi raya Mustapha. Mu jikinmu lafiya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba laifinka ba ne, nawa ne. Na nannaɗe magana cikin zane har ta ɓace maka. Yanzu zan warware ta, Allah shi yafe mini.

Baba ba ya gani, Bilyaminu. Ba makanta ba tukuna, amma abin da ya rage masa kaɗan ne.

Kafin motar ta kwanta na bi shi Shagari gaida Malam, ya sa ni gaba. Ka tuna Ɗanbaba, wanda ya yi masa yaron mota muna ƙanana, yanzu yana da farar bas tasa? Ya ɗaure wani jan bargo a ƙofar bayan bas ɗin, shimfiɗe, kamar shanya. Na daɗe ina ganinsa ina cewa ado ne na direbobi. A tasha na lura 'yan kamasho motar Baba suke fara cikawa, sannan ta Ɗanbaba. Da Ɗanbaba ya tayar, Baba ya tayar. Daga nan har Shagari hancin fijo na bin bargon nan kamar ɗan tinkiya da uwarsa. Ya tsaya, mu tsaya. Ya kauce wa rami, mu kauce. Direbobin tasharmu biyu sunka cim mana a hanya, ba wanda ya shiga tsakani, sunka haɗa mu duka sunka wuce. Baba ya sauke gilas, ya karkata kai waje, da kunne yake jin abin da ke zuwa.

Wajen Sifawa ya ce mini, “Inna, yaushe anka dasa icce nan bakin hanya?” Ka san haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Na duba. Mutum ne tsaye da damin kara a kai, yana jiran mu wuce ya tsallaka. Na ce, “Baba, mutum ne.” Ya yi dariya ya ce, “Gwada ki nikai, in ga ko karatu ya bar maki ido.” Matan da ke baya sunka yi dariya. Wata ta ce ai ita in ba motar Baba Ladan ba ba ta shiga, shi ba ya gudu, ga addu'a.

A gida ma na gani. Shayi yana zuba wa gefen kofi. Rannan na tarar da shi da Alƙur'ani a juye a hannu, yana karanta Tabara da ka, ko wasali bai kuskure ba. Na kasa barin Littafin haka, na kasa faɗa masa. Na ce ya kawo in goge bangon. Na goge ɗin kuwa don kada in zama maƙaryaciya, sannan na miƙa masa daidai. Wani lokaci ya tambaye ni ko ya yi azahar, in ce ya yi, a jima ya sake ɗaura alwala.

Da injin ya buga, sujada na yi. Na ce Allah ya sauke shi daga mota ba tare da wani ya buɗe baki ya ci fuskarsa ba. Abin da na so ka yi ke nan, ka ce a bar ta kwance, kai za ka riƙe gidan.

Yanzu ta tashi, kuma ƙafarsa ba ta san sabon injin ba. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta ce mini, cikin raha, saura ƙiris su sumbaci bas ɗin Ɗanbaba a bakin kasuwa.

Ɗiya tara, Bilyaminu. Iyayensu ni sunka ba amana, ba shi ba. Ka amsa mini da motar da za ta fara tasowa.

Safiya


Legas, farkon Sha'aban

Yaya, wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na karanta takardarki, ban ji daɗi ba. Na kira ki, kin ce lafiya lau kin kashe. To ni yaya kike so in yi? Da kin faɗi wannan tun farko da ba mu kai nan ba. Kin bari na karɓi albarkar Baba da hannu biyu, yanzu kuma in koma in ce masa ajiye makulli? Da wane bakin?

Kuma ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya, ke ba ki san tuƙi ba. Bin bayan wata mota ba makanta ba ne, kowane direba mai hankali yana yi a hanyar da ramuka suka cinye. Mutumin da ya shekara fiye da arba'in a kan titi bai taɓa take ko kaza ba, shi za a ce don ya kira mutum icce cikin wasa ya tashi aiki? Baba tun muna yara yake wannan barkwancin. Mantuwar salla kuwa, ni da ban kai hamsin ba ina yi.

In ma akwai wani abu, yanar ido ce. A nan kullum ana kankare wa tsofaffi, kwana biyu ka ga mutum yana zura zare a allura. Ki lallaba shi ki kai shi asibitin ido a Sakkwato. Ni ba zan iya tasowa yanzu ba, lokacin albasa ne, kaya na sauka dare da rana, in na matsa rumfar ta watse.

Idan hankalinki ya ƙi kwanciya kafin saukar, ga hanya mai sauƙi. Ki ce wa Bala ya zare wani ɗan abu a injin, ya ce ya lalace kuma babu irinsa a kasuwa sai bayan salla. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya ji ciwo.

Ki tuna dai, motar nan ita ce ƙafar Baba. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, tasha ce ke riƙe da shi. In kika zaunar da shi a zaure, ke za ki fara kuka.

Bilyaminu


Bodinga, Sha'aban

Ƙanena, sallama da gaisuwa. Ina Zainab, ina yara? Ni kwana biyu abinci ba ya wuce mini, amma da sauƙi.

Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, na riga na fara kukan.

Mun je asibiti. Na ce wa Baba idona na yi mini yaji in ina biya wa yara, kuma haka ne, ya raka ni. A bas munka tafi. Da anka gama da ni na roƙi likitan ya duba shi. Ba yana ba ce. Ya ce ruwan cikin idon ne ya hau ya kashe jijiya a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya tsare ragowar. Ya ce Baba kamar mai leƙe ta bakin kwalba yake, abin da ke gabansa sak kaɗai yake gani. Ya ce masa, “Baba, tuƙi ya ƙare.” Da munka fito Baba ya ce, “Wanga yaro ko keke bai iya ba.” Washegari na kawo masa maganin ɗigawa, ya tambaye ni wa ya ba ni. Bai tuna mun je ba.

Maganar Bala, ba zan iya sa mutum ya yi wa mahaifina ƙarya ba. Duk da haka na tambaye shi ko abin na yiwuwa, Allah shi yafe mini. Ya ce, “Malama, Baba Ladan da kunne zai gaya mini sunan abin da na zare.”

Ga abin da ya faru ran kasuwa. Suna dawowa, Ɗanbaba ya tsaya sauke wata tsohuwa, sai wata motar kaya mai jan tamfol ta gifta. Baba ya bi ta. Ya bi ta har ta saki babbar hanya ta nufi Lambara, fasinja na ce masa ba nan ba ne, yana ce masu su yi masa shiru. Da motar ta tsaya a wata gona ya tsaya, ya fito, ya tambayi mutanen wane gari ne wanga, kuma ina za shi. Ɗanbaba ne ya biyo sawu ya dawo da su. A tasha anka ce wa mutane wai gajeruwar hanya Baba ya gwada.

Na sa hijabi na tafi gidan Ɗanbaba da kaina. Na ce, “Ku ji tsoron Allah, rayukan mutane ne.” Ya durƙusa kamar ni ce babba. Ya ce, “Malama, mutumen da ya ɗauke ni ina kwana ƙarƙashin benci, ya koya man sitiyari, ya yi man aure, ni za ni ce mai sauka? In na cire bargon ga gobe, wallahi hita zai yi ba bargo. Wanne ya hi?” Ya ce sun yi shawara a tasha tun bara, kowa ya yarda a rufa masa asiri har Allah shi kawo mafita.

Na gwada Baba da kaina. Na durƙusa bayan ya karya, na ce, “Baba, da bana ka huta, a samu wani ya kai yaran.” Ya ce, “Inna, ranar da kika sauke na yi wa Allah alkawari, muddin ina numfashi ni ka kai masu sauka, ba a biyana. Ke ka son raba ni da ladata?” Na ce a'a. Na tashi.

Ya riga ya bi gidajen iyayen ɗaya bayan ɗaya ya ce su shirya. In na je na gaya masu gaskiya, na tone mahaifina a garin da ake tashi tsaye in ya wuce. In na yi shiru, na ci amana. Asabar ta sama ce saukar. Na roƙe ka don Allah, ka zo.

Safiya


Legas, Sha'aban

Yaya, ki yafe mini. Na kira Ɗanbaba, na matsa masa, ya gaya mini komai yana kuka. Ni ne ban so in ji ba.

Ba zan iso kafin Asabar ba, wanda zan bar wa rumfa yana kwance asibiti. Ga abin da muka tsara da Ɗanbaba. Ranar ya zo da bas ƙofar makaranta, yara da iyayensu mata duk su shiga tasa. Baba ya zauna a fijo a baya kamar kullum. Ba ya ganin kujerun baya, ba ya waiwaye. A buɗe ƙofofi a rufe, ya ɗauka sun shiga. Ya bi bargonsa har Shagari, ya cika alkawarinsa, yara kuma suna hannun mai ido. Ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai za ki yi. Ke ma ki shiga bas, kada ki shiga fijo.

Bayan azumi zan zo mu san yadda za a yi.

Bilyaminu


Bodinga, bayan sauka

Da sunan Allah mai jin ƙai.

Ƙanena, gaisuwa. Kowa na da rai, ba wanda ya ji ciwo. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Mun yi yadda kunka tsara. Tun da hantsi Baba ya kawo fijo ƙofar makaranta, ya wanke ta, ya sa farar rigarsa ta Idi, ya zamna bayan sitiyari. Na ce wa iyaye bas ta fi faɗi, kowa ya shiga can, kuma ta fi faɗin. Ɗanbaba ya zo ya buɗe ƙofofin bayan fijo ya rufe da ƙarfi. Abu ɗaya na saɓa maka, gaba na shiga kusa da Baba. Ban iya barinsa shi kaɗai cikin motar da yake zaton cike take ba.

Ya karanta addu'ar tafiya, ya ce, “To ɗiyana, ku ce amin.” Ni kaɗai na ce. Ya yi murmushi ya ce, “Na bana kunya gare su.” Na yi shiru kamar yadda ka ce. Shirun nan ya fi mini kowace ƙarya ɗaci.

Munka tashi. Muna bin layin kasuwa na ɗaga kai, sai na ga abin da ni da kai da Ɗanbaba ba wanda ya yi tunaninsa. Saman jan bargon akwai gilashin baya, cike da fararen hijabai. Ƙananan duk kujerar ƙarshe sunka zaɓa. Mufida, autarsu, ta manna fuska a gilas tana ɗago mini hannu. Mun fitar da su daga bayan Baba, mun jera su gaban hancin motarsa.

Ka san tudun nan da anka yi a bakin gari don hana gudu. Ɗanbaba ya taka burki. Baba bai taka ba. Na ga bargon na girma har ya cika mini ido, na ce, “Baba!” da muryar da ban taɓa yi masa ba. Fijo ta tsaya da ƙara. Tsakaninmu da su bai fi tafin hannu ba. Yaran sunka yi dariya, sun ɗauka wasa ne.

Bas ta haye, mu ma munka haye. Bayan motar ya yi tsalle ya sauka. Baba ya sassauta ƙafa, ya karkata kai, ya ce, “Motag ga ba ta zamna ba.” Ya ce, “Inna, mota mai mutum tara ba ta tsalle haka. Ina ɗiyan mutane?”

Na ce, “Suna cikin bas, Baba. Bayan jan bargon da kake bi.”

Sannan ya ce, “Kin san da bargon?”

Na ce, “Na sani. Tasha duk ta sani.”

“Su na nit tashi bugewa yanzu?”

Na ce, “Su ne.”

Ya gangara gefe a hankali, yana sauraren tsakuwa ƙarƙashin taya, ya kashe mota. Ya zare makulli, ya laluba ya kamo hannuna, ya sa shi ciki ya dunƙule mini yatsu. Ya ce, “Riƙe. Kaina ba ya riƙe magana yanzu, na sani. Ko na roƙe ki da girman Allah, kada ki ba ni.” Muryarsa sarai, irin ta Baban da ya rene mu.

Ɗanbaba ya dawo da baya ya fito. Baba ya ce masa, “Kai, rage man wuri gaba. Kuma cire tsumman ga, ka mai da mota awa ɗakin amarya.” Ya shiga bas, munka tafi Shagari. Yara sunka yi karatu ba tuntuɓe, Malam ya sa albarka, Baba na sahun gaba yana share ido. A hanyar dawowa na ce a raina an gama, Allah ya kawo mafita da hannun mai abin.

Washegari da hantsi na ji sallamarsa ƙofar ɗakina. Ya sa farar rigar. Ya ce, “Inna, ba ki ga makullina ba? Ɗiya na jira, rana na yi.”

Na ce, “Baba, an yi sauka jiya.” Na ba shi labarin duka, har tudun, har abin da ya ce mini. Ya saurara, ya ce, “Haka na,” ya koma zaure. Kashegari ya sake zuwa. Kullum sai ya zo. Wata rana ya tuna tun ban kai tsakiya ba, wata rana sai na kai ƙarshe. Kowace safiya ni ke gaya wa mahaifina ya kusa kashe ɗiyan mutane, kuma kowace safiya sabo yake jin ta.

Jiya bai tuna ba ko kaɗan. Ya ce ƙarya nake masa. Ya ce ɗansa ya saya masa inji, ni na hana shi ci. Sannan ya dafa ƙyaure ya ce, “Na roƙe ki da girman Allah, Inna, ki ba ni.” Makullin na rataye a wuyana cikin hijabi, ina jin sanyinsa a ƙirji. Tun ina yarinya ake karanta mini cewa ko tsaki ba a yi wa iyaye, kuma wanda ya roƙa da Allah a ba shi. Na ce, “Baba, ba zan ba ka ba.” Ya tsaya yana kallon inda yake zaton fuskata take. Bai yi mini baki ba. Ya juya yana lalube, ya buge kafaɗa da bango, bai bari na kama shi ba. Bai ci abincina ba sai da maƙwabta sunka aiko.

Baba biyu gare ni yanzu, kowanne da umarninsa. Na zaɓi in bi na bakin tudu. In kuskure na yi, Allah ya ga zuciyata.

Kada ka jira bayan azumi. Rufe rumfar, ko ka bar wa Allah ita. Ba makullin nake so ka karɓa ba, ni ya ba, kuma ba zan miƙa wa kowa ba. So nake in na ce masa a'a, ya juyo ya samu kafaɗar da zai yarda ya dafa.

Musa na ƙofa yana jira. Rana ta ɗaga, ina jin Baba yana neman takalmansa.

Yayarka,
Safiya